Abin da ruwan 3 ga Yuni ya tafi da shi

A Nima, wata unguwa a Accra babban birnin Ghana, aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna barkatai, inda Bahaushe da Bazabarme da mutumin Kotokoli da Badagombe ke layi a famfo ɗaya. Da Hausa ake faɗa a gidan, da Hausa kuma ake shiryawa. Mahaifiyata koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi. Mahaifina maigadi ne, ya yi shekaru yana gadin gidan wani malamin jami'a a Legon, inda Jami'ar Ghana take, ba ya dawowa gida sai ranar Juma'a. Ni ne ɗan fari, don haka har yau Mma ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "wannan yaron", ko da yake furfura ta fara fito mini.

In an yi hutun makaranta ni ake aika in kai wa Baba tuwo da wankakkun kaya. In hau trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa tashar 37, in canza ta Madina, in sauka a Okponglo, sauran in taka da ƙafa. Wata rana da yamma na ji kiɗa yana tashi ta bayan itatuwa, na bi shi da kwanon tuwo a hannu. Na tarar da wani fili da aka zagaye da gini, sama a buɗe, mutane zaune a kujeru, wani mutum a tsakiya yana ba da labarin Ananse. In ya yi nisa sai 'yan amshi su katse shi da waƙa, ya tsaya, su gama, ya ci gaba. Turancina bai kai ya kawo ba a lokacin, harshen Twi ɗina ma na kasuwa ne, amma na gane wanda ake magana a kai, don kakata ta sha ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi, kuma halin ɗaya ne: wayo, kwaɗayi, da jin kunya a ƙarshe. Tuwon Baba ya huce a ranar, na kuma sha faɗa.

Daga baya na san sunan wurin, Efua Sutherland Drama Studio, na Makarantar Fasahar Wasanni ta Jami'ar Ghana. Na kuma san cewa ba nan ne asalinsa ba. Marigayiya Efua Sutherland a tsakiyar Accra ta gina na farko a farkon shekarun 1960, aka rushe shi don a gina babban gidan wasan ƙasa wanda 'yan Sin suka kammala a 1992, sannan aka sake gina irinsa a Legon. Na jima ina tunanin wannan: ginin da aka rushe an iya maido shi bulo da bulo, amma wasannin da aka yi a cikinsa sai abin da tsofaffi suka riƙe a ka.

Na gama sakandare babu kuɗin wucewa gaba. Aka kai ni koyon aiki wurin wani mai ɗaukar hoto a unguwa, muna bin aure da suna da walimar saukar karatu da tarbar alhazai. A hannunsa na koyi riƙe kyamarar bidiyo, irin mai ƙaramin kaset na awa ɗaya. Wajen 2005 wani ɗalibi da ke zuwa wanke hoto shagonmu ya ce yana neman mai ɗaukar masa wasansa na shekarar ƙarshe da araha, don wasan shi ne jarrabawarsa, kuma yana son ya riƙe shaida. Maigidana ya ce ba ya son aikin dare na 'yan makaranta, ba su da kuɗi. Ni na ce ina so.

Aikin farko ya fito baƙi ƙirin, fuskoki kamar an shafa musu manja. Ɗaukar wasan dandamali daban yake da ɗaukar aure. A wurin aure kai ne sarki, ka ce amarya ta juyo, ta juyo, ka kunna fitilarka a fuskar kowa. A dandamali ba ka da iko da komai. Ba a kunna filas, don zai ɗauke hankalin ɗan wasa ya kuma ɓata aikin mai fitilu. Jar fitila tana cinye fuska a kyamara, shuɗiya tana mai da mutum inuwa. Ga sauti: fili a buɗe, kwaɗi da gyare suna nasu, mota tana wucewa, kuma in ganga ta tashi sai muryar mai magana ta nutse. Ga kaset mai ƙarewa a awa ɗaya alhali wasa yana kai awa biyu, dole ka san inda za a kashe fitilu a canza fage don ka yi wuf ka canza kaset a cikin duhun nan. Wanda bai zauna a atisaye ba ba zai san wannan ba. Saboda haka na zama ɗan gida a wurin atisaye, ina zama a gefe da ɗan littafina ina rubuta inda kowa zai shigo da inda zai fita. Hotunan fosta da na jarida kuwa a gwajin ƙarshe nake ɗauka, daren da aka sa kayan wasa cikakku amma babu 'yan kallo.

Talla ta shigo hannuna ba da shiri ba. Ɗalibi ya yi wata biyu yana wahalar da kansa da 'yan wasansa, ranar buɗewa a ga kujeru rabi babu kowa, saboda ya manta cewa sai an gaya wa mutane za su zo. Ni kuwa na san 'yan maɗaba'a a Accra Newtown, na san wanda zai buga fosta cikin dare ya yarda a biya shi bayan an sayar da tikiti. Sai in ɗauki bokitin sitaci da buroshi, in bi allunan sanarwa na gidajen kwanan ɗalibai, Legon Hall, Akuafo, Mensah Sarbah, Volta na mata, in haura tudu zuwa Commonwealth. In manna a wajen Night Market inda kowa ke zuwa cin abinci. In raka darakta gidan rediyon jami'ar, Radio Univers, 105.7, ya yi bayanin wasansa, ni ina gefe ina tuna masa ya faɗi rana da lokaci da kuɗin shiga, don sau da yawa sai su shagala da falsafa su manta da wannan. Na lura fosta mai fuskar mutum ɗaya tana kallon mai wucewa ta fi tsayar da ƙafa a kan wadda aka cusa 'yan wasa goma. Na lura kuma daren farko abokai ne ke cika shi, dare na biyu shi ke nuna ko wasan ya yi kyau, don bakin waɗanda suka gani ne ke kawo na gobe. Ban taɓa zama ma'aikacin jami'a ba. Ɗan kwangila ne ni, ɗalibai da ƙungiyoyinsu ke biyana, wasu a kan lokaci, wasu har yau muna gaisawa ba a tayar da maganar.

Baba bai ji daɗin abin ba ko kaɗan. Ya ce, "Kai da na tsaya a kanka ka sauke Alƙur'ani, yanzu 'yan rawa kake bi da dare?" Na ce, "Baba, ai akwai Musulmi ɗan Kumasi, Mohammed Ben Abdallah, wasan kwaikwayo yake rubutawa, har ma'aikatar ilimi da al'adu ya riƙe a zamanin Rawlings." Ya dube ni ya ce, "Shi ya yi karatu ya zama dakta. Kai me ka zama?" Ban sami amsa ba. A unguwa ma maganar ta zaga, har lokacin da na je neman aure sai da wani kawun yarinyar ya tambaya ko gaskiya ne ina kwana cikin mata masu rawa. Allah ya sa uwarta ta san Mma tun suna 'yan mata, aka ba ni.

Abin da ya sauya Baba ya zo ta inda ban zata ba. Wani ɗalibi yana shirya wasa mai maigadi a ciki. Duk wanda ya taso a Ghana ya san yadda ake nuna maigadi ɗan arewa a wasanni: rawani a karkace, goro cike da baki, gyangyaɗi a bakin ƙofa, karyayyen Turanci don a yi dariya. Na zauna ina kallon atisaye raina yana ɓaci. Da aka tashi na ce wa daraktan, ubana maigadi ne, kuma ba haka yake ba. Yaron yana da hankali. Ya ce in kawo shi su ji daga bakinsa. Na yi ta lallashin Baba, a lokacin ya bar aiki saboda ƙafa. Da ya yarda ya zo, sai ya zauna a kan benci, yara masu digiri suka zagaye shi a ƙasa, ina fassara. Ya gaya musu yadda dare ke da tsawo daga ƙarfe biyu zuwa kiran assalatu. Ya ce maigadi yana sanin kowace mota da ƙararta, yana sanin faɗan maigida da matarsa, yana sanin yaron gida da ya haura katanga, kuma aikinsa rabi gadi ne rabi riƙe baki. Ya nuna wa ɗan wasan yadda ake zama da rediyo a kunne ana jin sashen Hausa, yadda ake naɗa mayafi lokacin hunturu, yadda ake alwala da ɗan ruwa a buta ba a fantsama ba. Ya gyara masa hular kansa da hannunsa.

Daren buɗe wasan Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya zauna a sahun gaba. Ina da kyamara ta biyu a ranar, aro na yi, sai na juya ta wajen 'yan kallo na bar ta tana tafiya. Da maigadin wasan ya fito ya gyara zaman rediyonsa daidai yadda aka koya masa, Baba ya yi dariya har yana share ido da hannun riga. A trotro muna komawa bai ce komai ba sai da muka kusa Nima, ya ce, "To, gani ya kori ji." Shekarar da ta biyo baya, 2013, Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa da rahama.

A faifan DVD da na ba daraktan babu Baba. Masu duba jarrabawa dandamali suke son gani, don haka in ana tacewa ana yanke 'yan kallo. Ɗanyen kaset ɗin yana wurina, a cikin akwatin ƙarfe tare da sauran na shekara goma, da rumbunan ajiya na kwamfuta, da fostoci da 'yan littattafan shiri da na tara. Na yi niyyar in zauna wata rana in tace wa Mma da ƙannena, amma bayan rasuwar ban iya kallonsa ba tukuna.

A lokacin muna zaune a Alajo. Kowa ya san Alajo kwari ce kuma kogin Odaw yana gefenta, amma a Accra mai gida kuɗin shekara biyu yake nema gaba ɗaya, kuma nan ne ƙarfina ya kai, ga shi kusa da maɗaba'un Newtown. Ɗaki da falo ne, falon shi ne ofis. Duk damina ruwa yakan shigo tsakar gida ya kai idon sawu, mu ɗora kaya a kan tebur, ya janye. Shekarar 2015 kuma shekarar dumsor ce, wuta ta zo ta ɗauke yadda ta ga dama, aikin tacewa ya taru mini. Zubar da kaset na awa ɗaya cikin kwamfuta awa ɗaya yake ci cur, in wuta ta ɗauke a tsakiya sai a sake daga farko. Ƙarshen zangon karatu ne, wasannin 'yan shekarar ƙarshe duk suna hannuna, sun biya rabin kuɗi suna jira.

Ranar Laraba 3 ga Yuni ruwa ya fara da yamma bai tsaya ba. Ina gida. Bayan isha'i na ji maƙwabciya tana salati da ƙarfi, na buɗe ƙofa ruwa ya shigo har gwiwa, baƙi, mai wari, da robobi da shara a kansa. Babu wuta. Maiɗakina tana da tsohon ciki, ga 'yarmu ƙarama tana barci. Ta ce, "Malam, ɗauki yarinyar." Na ɗora ta a wuya, na riƙe hannun uwar, muka fita muna lalube da bango. Kafin mu kai gidan bene na bayanmu ruwa ya kai mini ƙirji. Wasu samari suka jawo mu sama. Na juya zan koma, wani dattijo ya riƙe mini riga ya ce, "Ina za ka? Ka bar mace da ciki ka je ka mutu a kan kaya?" Na zauna. Can cikin dare muka ga sama ta yi ja ta wajen Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, ba mu san mene ne ba sai da safe: gidan mai ne ya kama da wuta, man ya bi saman ruwa, mutanen da suka fake a wurin suka ƙone. Fiye da mutum 150 suka rasu a wannan dare. Shugaba Mahama ya sa aka yi zaman makoki na kwana uku.

Da ruwa ya janye na koma ɗakin. Tebur ya kife, kwamfuta tana cikin laka. Akwatin ƙarfen yana nan, amma a cike da ruwan kwata. Na ɗauki kaset ɗaya-ɗaya ina karanta rubutun hannuna da ya narke a jikinsu. Na shanya su a rana, abin da daga baya aka ce mini ya ƙara lalata su. Rumbunan na kai wa wani mai gyara a Circle, ya karɓi kuɗi, ya yi ta ce mini gobe, a ƙarshe ya miƙo mini su a leda.

Abin da ya fi yi mini nauyi a watannin nan shi ne ba ni da bakin kuka. A layinmu an yi jana'iza. Wani da muke sallah sahu ɗaya ya fita neman ɗansa bai dawo ba. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce, "Ka gode wa Allah, kai da iyalinka kun fita da rai, dukiya ai ana samun wata." Gaskiya suka faɗa, kuma na gode. Amma yaya zan ce wa mutumin da ya binne ɗan'uwansa ni kaset nake wa baƙin ciki? Ko maiɗakina ban gaya mata maganar kaset ɗin Baba ba. Na haɗiye, abin ya zauna mini a ƙirji.

Ga kuma ɗalibai. Na kira su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce Allah ya mayar da alheri, ko abin da ya yi kama da haka a addininsu. Wata yarinya ta fashe da kuka a waya, don da faifan take son neman gurbin ƙarin karatu a waje, wasan kuma an riga an watse, an kwance dandamali, 'yan wasa sun koma garuruwansu. Wani ya zo har gidan Mma a Nima inda muka koma, ya tsaya a ƙofa yana ɗaga murya sai an ba shi kuɗinsa. Ban ga laifinsa ba, amma unguwa ta ji, masu cewa dama aikin banza ne suka sami abin faɗa. Maiɗakina ta kwashi adashinta da ta tara don haihuwa ta ba ni na mayar wa mutane kuɗinsu. Babbar kyamarar ma da ta nutse, tun farko da sarƙar aurenta aka cika kuɗin sayenta.

Na bar zuwa Legon. Wani ƙanin Mma yana sayar da albasa a Agbogbloshie, tun kafin a tashi kasuwar zuwa Adjen Kotoku a 2021, ya ce in zo in riƙe masa littafi. Ina zama a kan buhu ina rubuta abin da aka sauke daga motocin Nijar da abin da 'yan sari suka ɗauka bashi. Aiki ne na halal kuma ya ciyar da mu, ba zan raina shi ba. Sai dai jikina ne kawai ke wurin. Barci ya ƙaurace mini. In hadari ya haɗu sai zuciyata ta riƙa bugawa, in tashi in yi ta ɗora takalma da tukwane a kan kabad, alhali ɗakin Mma a kan tudu yake. Na rame. An yi mini rubutu na sha, an yi mini addu'o'i, na ji sanyinsu. Amma maiɗakina ce ta ce, "Malam, wannan ba kai ba ne. Mu je asibiti." Na ce me zan ce wa likita, ba inda ke mini ciwo. Ta ce in faɗa masa haka ɗin. Likitar da muka samu ta ba ni lokaci, ta ce abin da nake ji yana samun mutane da yawa bayan sun tsallake irin wannan dare, yana da suna kuma ana maganinsa. A ofishinta na fara faɗin maganar kaset ɗin Baba da bakina, maiɗakina tana zaune tana ji. A hanya ba ta ce komai ba. Da dare ta ce, "Da ka gaya mini, da mun yi kukan tare."

Fiye da shekara ina wannan hali sai wata tsohuwar ɗaliba ta kira ni daga Tamale, tana koyarwa a sakandare. Kuɗin gaisuwa ta so turo mini, don sai lokacin ta ji labari. Cikin hira ta ce ai faifan wasanta da na yi mata yana nan, har tana nuna wa ɗalibanta. Ta ce in ina so ta aiko in kwafa. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, cewa duk faifan da na sayar ko na ba ɗan wasa kyauta yana wani gida yana zaune. Ta sa maganar a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinsu, daga nan ta tsallaka zuwa na wasu. Faifai suka fara zuwa, wasu a motar Kumasi, wasu daga Takoradi da Ho, wasu aka turo ta intanet daga Ingila da Amurka. Wani an kankare shi, wani ya yi fumfuna, wani yana tsayawa a tsakiya. Wata uwa ta kawo na ɗanta da ya rasu, ta zauna a gabana har na gama kwafa, ta karɓi abinta ta sa a jaka. Da daddare bayan kasuwa nake wannan aiki, da tsohuwar kwamfuta ta aro.

Faifan wasan maigadi ma ya dawo. Na kalle shi daga farko har ƙarshe. Baba ba ya ciki, na sani tun kafin in saka. Akwai dai wurin da ake jin dariyar 'yan kallo, ƙannena sun ce suna jin muryarsa a ciki, ni ban iya rantsewa ba.

Na koma aiki a hankali da kyamarar haya. Na shiga taskar adana sauti da hoto ta Cibiyar Nazarin Afirka, wadda ke ɗauke da sunan Farfesa Kwabena Nketia, mutumin da tun shekarun 1950 yake yawo yana naɗar kiɗa da waƙoƙin ƙasar nan. Na ga yadda ake ajiya ta gaskiya: ɗaki mai sanyi, kowane abu da lambarsa, da bayanin wanda ya yi, da ranar, da wurin. A nan na fahimci cewa bidiyon da ba a rubuta sunayen mutanen cikinsa ba, bayan shekara ashirin baƙi ne kawai ke motsi. Yanzu kowane wasa yana da takardarsa: marubuci, darakta, 'yan wasa, mai fitilu, mai ɗinki, makaɗa. Kwafi uku nake yi, ɗaya a wurina, ɗaya a gidan ƙanena a Kumasi, ɗaya a intanet, kuma darakta yana tafiya da ɗanyen aikin duka, ba tataccen kaɗai ba. Ina ɗaukar bayan fage, ina ɗaukar 'yan kallo da izininsu, kuma ba na yarda aiki ya kwana biyu a hannuna ba a kwafa ba.

Da korona ta zo, aka rufe makarantu a ranar 16 ga Maris 2020, aka kulle Accra da Kumasi daga 30 ga watan har mako uku, na ɗauka wani ruwan ne ya sake zuwa. Sai abin ya juya. Da aka fara sassautawa ba a yarda a tara jama'a ba, wasan da za a yi dole a yi shi gaban kyamara a watsa a Facebook ko YouTube. Mu da ake ajiyewa a lungu kar mu tare wa mutane gani, sai ga darakta yana tambayarmu inda ɗan wasa zai tsaya. Ban ce ya fi ba. Wasa babu numfashin 'yan kallo rabi ne, 'yan wasan barkwanci sun fi kowa shan wuya, suna jefa magana babu mai amsawa. Amma a wannan lokacin na biya yawancin bashina, muka samu muka koma Madina, kusa da aiki kuma nesa da Odaw.

Abin da na fi sa wa rai yanzu shi ne kawo mutanenmu. Daga Nima zuwa Legon tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba, daga Madina ma ƙafa za ta iya, amma na yi shekaru ina kallon kujerun nan ban ga hula ko mayafi ba sai jefi-jefi. Fosta da Turanci ba ta yi wa zango magana. Sai na fara naɗar saƙon murya da Hausa ina turawa zaurukan unguwa, in faɗi labarin wasan a taƙaice, in faɗi gaskiya ko akwai abin da zai sa dattijo ya sunkuyar da kai, don mutum ya san abin da zai tarar. Ina bin majalisun samari da yamma da tikiti a aljihu. In mata za su zo sai na yi maganar trotro da zai jira ya mai da su, in ba haka ba ba mai barin 'yarsa. Ina roƙon darakta a ba da ɗan hutu da za a iya yin isha'i, kuma ba na tallar komai a zango cikin azumi. Wani lokaci mota ta cika, wani lokaci in tsaya a tasha da direba mu kaɗai, in biya shi daga aljihuna. Akwai malamin da ya ce mini har yanzu bai ga halaccin abin ba, muna mutunta juna, ina gaishe shi yana amsawa.

Na wasannin da suka nutse, abin da ya dawo bai kai rabi ba. Na shekarun farko, daga 2005 zuwa wajen 2008, kusan babu komai, don lokacin mutum ɗaya ko biyu ke sayen faifai. Su nake bi yanzu ta wata hanya: in sami wanda ya yi wasan, in zaunar da shi gaban kyamara ya ba ni labarin yadda aka yi, ya tashi ya nuna inda ya tsaya, ya rera waƙar in yana tunawa. Wasu yanzu ma'aikatan banki ne, wasu fastoci, wasu suna fim. Sau da yawa mutum biyu su ba ni labari biyu a kan dare ɗaya, kowa ya rantse nasa ne daidai, in ajiye duka biyun. Wanda ya fito a maigadi na same shi bara, yana aiki a gidan rediyo, ya yi mini alkawarin zama bayan sallah babba. Sarƙar maiɗakina kuwa har yanzu ban maido mata ba, zinariya ta yi tsada, muna kan tarawa.